Ranar da Mutari ya hawo hasumiya kai ba hula

Bana shekara goma sha tara da rasuwar Mutari. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, kuma da yana raye ba zai gode mini ba, domin mutum ne wanda in ka yabe shi sai ya dube ka ya tambayi abin da kake nema. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ƙaramin abu ne. Jikata ta dawo daga tafiya tana ta mita, wai jirginsu ya fara gudu a kan titi sai ya ja birki ya koma inda ya fito, aka ce musu wani ƙaho ne ya yi kuka a ɗakin matuƙa. Na ce mata ta gode wa Allah da ƙahon nasu yana da baki. Ta ɗauka zancen tsofaffi ne, ta ci gaba da latsa wayarta.

Mutari makanikin jirgin sama ne a filin jirgin Yamai, ni kuma ina hasumiya, cikin masu ba jirage izinin tashi da sauka. Dukanmu biyu daga Damagaram muka zo, ya girme ni da ƴan shekaru, kuma gidajenmu na haya a Lamorde katanga ɗaya ce ta raba su. Kullum da safe shi ke goya ni a bayan mobilet ɗinsa, ɗan ƙaramin babur, mu haye gada, mu keta gari, mu nufi filin jirgi. Shekarun fari ne, mulki kuma yana hannun soja. Mutanen arewa sun zubo bakin gari da abin da ya rage musu na dabbobi, wasu ba ko akuya. Jar dawa ta taimako tana shigowa, amma kamiyo, wato babbar motar kaya, sai ya yi kwanaki kafin ya kai inda ake jiran sa, in ma ya kai. Saboda haka aka kwance kujerun wani jirgin fasinja, aka mai da shi jakin dawa, yana kai buhuna Agadas yana dawowa. Mutari ne ke kula da lafiyar wannan jirgi.

Ɗan abin da na sani game da fiffike, a bayan mobilet ɗin nan na koye shi. Mu mutanen hasumiya daga nesa muke ganin jirgi, mu san sunansa da inda ya dosa, amma cikinsa ba ruwanmu. Wata safiya a kan gada ya ce in miƙa hannuna waje, in shimfiɗa tafin, in ɗan karkata shi. Iska ta ɗaga hannun sama. Ya ce to, aikin fiffike ke nan, sai dai jirgi mai nauyi ba zai samu isasshiyar ɗagawa ba a ɗan gudun da yake yi a ƙasa, sai an faɗaɗa masa fiffiken. Akwai wasu leɓɓa a bayan kowane fiffike, waɗanda masu aikin ke kira bole, matuƙi yana zuro su waje kafin tashi, in an yi sama ya mai da su. Jirgin da ya yi gudun tashi ba a zuro masa bole ba zai ɗaga hanci, ya ɗan rabu da ƙasa, ya yi ta rawa, sannan ya dawo inda ba a so.

Sai kuma allunan da ke kwance a saman fiffiken. Su aikinsu ɓata abin da fiffike ya gyara. In suka miƙe tsaye, iskar da ke bin saman fiffike ta wargaje, ɗagawa ta mutu. A sama ana ɗan ɗaga su don jirgi ya rage gudu ko ya yi ƙasa da sauri, ko a ɗaga na gefe ɗaya su taimaka wajen karkata. Amma babban aikinsu lokacin sauka ne. Da zarar tayoyi sun taɓa ƙasa sun fara juyawa, sai allunan su miƙe gaba ɗaya, nauyin jirgin ya zauna a kan tayoyi, birki ya samu abin kamawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da taga ya gan su suna tashi kamar an buɗe murafun tukwane. Sanda ɗaya ce ke sarrafa su, tana kusa da hannun matuƙi, kuma wajibi ne ta kasance a kwance kafin tashi.

To, ɗan Adam mai mantuwa ne, ko da farar riga ya sa da zinariya a kafaɗa. Shi ya sa masu ƙera jirgi suka sa ƙahon nan. Akwai wani ɗan maɓalli a ƙafar taya da ke shaida wa jirgi cewa yana ƙasa. In yana ƙasa, matuƙi kuma ya tura sandunan ba inji wuta gaba kamar mai shirin tashi, sai na'urar ta duba ko an zuro bole, ko allunan saman fiffike suna kwance, da kuma ko an daidaita fiffiken wutsiya daidai da nauyin kaya. In ɗaya bai yi daidai ba, sai ƙahon ya fara kuka yana yankewa, kuka mai cika kunne wanda ba ka iya magana a kansa. Ba ya faɗin abin da ya ɓaci, cewa kawai yake yi a tsaya. In kuwa komai daidai ne ba a jin sa ko kaɗan, matuƙi na iya yin shekaru bai ji shi a kan titi ba.

Matsalar ƙahon ita ce bai san bambancin matuƙi da makaniki ba. In makanikai sun gyara inji, dole su tayar da shi su ba shi wuta sosai don su ji lafiyarsa, jirgi na tsaye wuri ɗaya, bole na ciki. Ƙahon kuwa sai ya ɗauka tashi za a yi, ya cika musu kunne, alhali da kunnen suke son su saurari injin. Don haka sukan jawo maɓallin da ke ba ƙahon wutar lantarki, irin mai katse wuta na mitar gida, sai dai shi ƙarami ne kamar maɓallin riga. Irinsa cike suke a bangon da ke bayan kujerun matuƙa, layi bayan layi, kuma wanda aka jawo ba ya bambanta da sauran sai da ɗan farin wuya da ya leƙo. Dokar aiki ba ta son a yi haka, kowa kuma yana yi. In an manta ba a mai da shi ba, jirgi ya zama bebe, ba kuma wanda zai sani, tunda a kunne shirun lafiya da shirun bebe iri ɗaya ne.

Mutari ya samo wa kansa dabara. Mutumin Damagaram na zamaninmu ba ya yawo kai ba hula, ko da kuwa shuɗin kayan aiki ne a jikinsa, man inji har gwiwar hannu. Saboda haka duk lokacin da ya jawo maɓallin nan, sai ya cire hularsa ya kifa ta a kan sandar tuƙi ta babban matuƙi. Shi ba zai sauka daga jirgi bai ji iska a kansa ba, kuma ba wanda zai zauna a kujerar nan bai ga hular ba. Makanikai da matuƙa duk sun san da zancen, har ana tsokanar sa, in an hango shi a ƙasa kai tsirara a ce yau Shef, kamar yadda ake kiran sa a wurin aiki, ya toshe wa jirgi baki. Ni ma na sha yaba dabarar. Yanzu da na tsufa ina ganin akwai rami a cikinta, domin a hankali mutane suka daina duba bango, suka koma duba hula.

Ranar da abin ya faru lokacin bazara ne, ana son jirgin ya tashi da hantsi, don iska mai zafi ba ta ɗaukar kaya kamar mai sanyi. Mutari ya gama gwada injin da ya gyara, ya kashe shi, bai kai ga mai da maɓallin ba sai ga soja ya hawo ya ce kapiten na neman sa. Kapiten ɗin shi ne hafsan da aka ɗora a kan jigilar dawa. A wancan zamani in soja ya ce zo, ba a cewa bari in ƙarasa. Mutari ya bi shi, ya bar hular inda take, hankalinsa kwance, tunda don irin wannan rana ya ƙirƙiro abin. Biron kapiten, wato ofishinsa, yana ƙasan ginin da hasumiyarmu take kai. Aka zaunar da shi a benci cikin wani ɗaki marar taga, aka bar shi yana jira.

Akwai wani maƙwabcinmu a Lamorde, Hamani, Bazabarme, dattijo mai kirki, ma'aikacin ofishin abinci, shi ke rako buhunan har cikin jirgi. Ya hau ya ga an ɗaure kaya daidai, ya leƙa ɗakin matuƙa, sai ya ga hular da ya saba gani a masallacin unguwa. Ya tambayi masu lodi, suka ce Shef na gaban kapiten. Abin ya dame shi ƙwarai, a ce magidanci kamar Mutari yana tsaye gaban hafsa kai tsirara kamar wanda aka kamo da laifi. Ya ɗauki hular, ya karkaɗe ta, ya nufi biro da ita. Sojan bakin ƙofa ya hana shi shiga, sai ya nemi inuwa ya tsaya yana riƙe da ita da hannu biyu. A bayansa mataimakin Mutari ya leƙa ɗakin matuƙa, bai ga hula ba, ya ce jirgi ya shirya. Matuƙa suka shigo, su ma ba su ga hula ba, aka rufe ƙofa.

Kapiten ba wani abu yake so ba, so yake ya ji dalilin da ya sa gyaran inji ya ɗauki lokaci, ya kuma yi ɗan faɗa don a san yana nan. Da Mutari ya fito, Hamani ya taryo shi da fara'a.

"Fofo, Shef. Ga hula naka, ka manta shi cikin jirgi."

Mutari ya dubi hular, ya dubi inda ya bar jirgin, babu jirgi. Bai karɓi hular ba.

Ni a lokacin ina sama, jirgin na can bakin titi, na tsayar da shi yana jiran wani ya gama sauka. Sai na ji hayaniya a matakala, sojan da ke gadin ƙofarmu yana ihu a tsaya. Mutari ya faɗo ɗakin yana haki, sojan na biye da shi da bindiga a hannu. Ashe ture shi ya yi ya wuce.

"Issufu, kar ka sallame shi," in ji shi. "Ƙahonshi a cire yake."

Na gane nan take, na kuma gane abin da zai biyo baya. Duk maganar da aka yi ta rediyonmu ana ɗaukar ta a faifai, sojoji kuma suna saurare daga ƙasa. Na sassauta murya na ce, "Yaya Mutari, bari in ce wa matuƙin kawai ya duba bangonshi kafin ya tashi. Ba sai an ambaci kowa ba."

"Mutum na sauri, zai waiwaya kawai ya ce ya duba. Gaya mishi wane maɓalli ne, ka ce ni na cire shi da hannuna. In ya ji sunana zai tashi daga kujera ya gani."

Na danna rediyo na faɗa, da muryar da nake faɗin inda iska ta fito. Can matuƙin ya dawo ya ce ya same shi a cire, ya mai da shi. Sannan ya ce ba zai tashi ba, zai komo, domin in an bar wannan a cire bai san me kuma aka bari ba. Ban ga laifinsa ba, a matsayinsa ni ma haka zan yi.

Ga abin da ba na son mai karatu ya tsallake. Da jirgin ya juyo, na ɗauki madubin hangen nesa na duba, na miƙa wa Mutari shi ma ya duba. Bole a zure suke, alluna a kwance, matuƙan nan ba su manta komai ba. Da Mutari ya karɓi hularsa ya yi shiru, jirgin zai tashi lafiya ya sauka lafiya, da yamma ya hau ya mai da maɓallin, ba mai ji ba mai gani. Ba zan ce muku ya ceci rai ba, don bai ceci ran kowa ba. Aka bincike jirgin daga hanci har wutsiya ba a samu komai ba, kafin a gama rana ta take, jirgin ya kwana a Yamai da dawarsa.

Kalmar da aka yi amfani da ita a kansa ita ce sabotaj, wato ɓata aiki da gangan, aka haɗa masa da ture soja. Aka tafi da shi bariki. Ya yi kwanaki can, ya fito ya rame, bai ba da labarin abin da ya gani ba, ni kuma ban tambaye shi ba. Ba shari'a, ba komai, an dai karɓe masa katin shiga filin jirgi, shi ke nan. Hamani ya je har gaban kapiten ya ce shi ya ɗauke hular, a kama shi, aka kore shi kamar mai taɓin hankali, don a wurin soja zancen hula ba zance ba ne. Daga baya ya bar unguwar, ya kasa haɗa ido da Mutari. Mutari kuwa duk salla sai ya neme shi har gida ya gaishe shi.

Aikin da ya samu a ƙarshe gyaran injinan ban ruwa ne a gonakin shinkafa na Saga. Mutumin da ya saba da injin da ke ɗaga jirgi sama ya koma kwance famfo cikin taɓo, ya kuma yi aikin da tsanaki har ƙarfinsa ya ƙare. Matarsa Zuwaira, wadda tana nan da ranta, ba ta taɓa ɓoye ra'ayinta ba. Cewa take ya ɗauki abincin ƴaƴansa ya hau da shi hasumiya saboda jirgin da lafiyarsa lau. Ita ta san yadda aka ci aka sha a gidan nan bayan haka, ita ta ga babban ɗansu ya bar karatun lakkol ya shiga kasuwa. Ba na jin ta yi ƙarya.

Sau ɗaya muka yi zancen da shi, bayan shekaru, muna zaune a bakin wata gona a Saga, jirgi ya wuce ta kanmu yana shirin sauka. Na tambaye shi ko ya yi nadama. Ya ce aikin da ya rasa ba ya damun sa kamar kwana ɗayan nan da dawa ta yi a ƙasa, domin ya san akwai waɗanda suka je bakin fili a Agadas suka zauna da kwanoninsu har yamma. Sai ya ce, "Amma ni ban san bole na waje ba sai da na iso sama ka ba ni madubi. Abin da na sani a ƙasa shi ne jirgi bebe ne, da mutane a ciki." Daga nan ya koma zancen famfon da ke ba shi wahala.

Ina yawan tunanin abin da zai ce da ya ga jiragen yau. An ce yanzu ƙahon ba kuka kawai yake yi ba, abin da ya ɓaci yana fitowa a rubuce a gaban matuƙi, a wasu jiragen ma murya ce ke faɗa. Matuƙi na iya gwada na'urar kafin ya shiga titi, maɓallin da aka jawo kuma ana sa masa zobe mai launi wanda ko makaho zai laluba ya ji. Na san zai yaba, sannan ya yi tsaki ya ce nan gaba za su daina duba fiffike su koma duba allo. Akwai wani maƙwabcina a Kwara Kano, inda nake zaune yanzu a gidan ɗana, wanda ke aiki a filin jirgi. Ya ce mini yanzu akwai tsarin da ma'aikaci zai kai rahoton kuskurensa da kansa ba tare da an hukunta shi ba. Na ji daɗin jin haka, na tambaye shi ko ya san wanda ya taɓa gwadawa. Ya yi dariya ya ce zai tambaya.

In aka ce me ya rage na Mutari, ba wani abu mai yawa ba ne. Famfunan da ya gyara an daɗe da sauya su, jirgin an daɗe da sayar da ƙarfensa, a filin jirgi kuwa ba na jin akwai wanda ya san sunansa. Dabararsa ita ta jawo masa, ban kuma ba kowa shawarar ya kwaikwaye ta ba. Abin da ya rage a wurina shi ne na ga mutum yana da hanyar fita a buɗe, har ni abokinsa na ƙara buɗe masa ita, ya ƙi bi, ya ce a faɗi sunansa. Ina kewar sa, kuma har yau raina yana ɓaci in na tuna abin da aka yi masa. Allah ya haskaka kabarinsa, ya yafe masa kurakuransa, waɗanda ya faɗa da bakinsa da waɗanda bai sani ba.

Duk ma'aikatan filin jirgi sun ga abin da ya faru a ranar, sun kuma ga yadda ta ƙare da shi. Na ƙara shekaru masu yawa a hasumiya bayan haka, na sallami jirage ba iyaka, amma ba wani makaniki da ya sake zuwa wurina ya ce in tsayar da jirgi saboda kuskuren hannunsa. Ba na jin kuskure ne ya ƙare.